Wa Ya Ce Kunkuru Ba Ya Shan Ruwa?

Yau ba zancen kasuwa na kawo muku ba, ba kuma na siyasa ba, zancen kunkuru ne. Na san wani zai ce, to Malam, duk abubuwan da suka sha mana kai a garin nan ba ka ga na rubutawa ba sai kunkuru? A yi mini uzuri. An kafa ni shaida ne a kan maganar da ban yarda da ita ba, a gaban jama'a, kuma da yake babba ne ya yi maganar ban iya buɗe baki na musa ba. Shi ya sa na dawo nan, inda ba mai katse ni.

Ga yadda abin ya faru. A majalisarmu ta bayan sallar Isha'i a nan Kolere, wani maƙwabcinmu, mutumin kirki, ya zo ransa a ɓace ya ce kunkurunsa ya mutu. Zafin bazarar nan ne ya sa ya ji tausayin dabbar, sai ya sa aka raba masa duro gida biyu, ya haƙa rami ya binne rabin, ya cika shi da ruwa don kunkurun ya riƙa shiga yana shan sanyi. Da gari ya waye aka tarar da shi a ciki, kai a ƙasa. Ba a gama yi masa jaje ba sai wani dattijo daga cikinmu ya ce, "Ai kai ka jawo. Ina ruwan kunkuru da ruwa? Ga ɗan'uwanka nan zaune, tambaye shi. Nasu wata biyu ya yi lokacin gudu ba wanda ya ba shi ko ɗigo, ga shi nan har yau." Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce, "Haka aka yi, Baba." Na ja bakina na yi shiru. Haka ɗin kuwa aka yi, sai dai ba nan labarin ya tsaya ba.

Kunkurun gidanmu baƙo ne a Mubi kamar yadda muke baƙi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar, fataucin shanu ya kawo shi nan, ya zauna, ya yi aure, aka haife mu. Wani ƙanensa ne ya zo mana da kunkurun a cikin buhu, tsarabar yara, lokacin bai fi kwanon sha girma ba. Yau sai mutum biyu sun kama suke iya ɗaga shi. Yara suna kiransa Dattijo. Irin manyan nan ne masu launin yashi, masu tsini a bayan cinya, waɗanda asalinsu bakin hamada ne tun daga Senegal har Sudan. Masana suna ce musu sulkata, kuma a duk duniya kunkuru iri biyu ne kawai suka fi su girma, na tsibiran Galapagos da na Aldabra.

Abin da ya faru a garin nan a ƙarshen watan Oktoba na 2014 kowa ya sani, ba sai na fama muku miki ba. Ranar da 'yan Boko Haram suka shigo, mutum ta 'ya'yansa yake yi, wa ke ta kunkuru? Muka bar shi a tsakar gida muka nufi Yola. An ƙwato garin cikin watan Nuwamba, amma mu ba mu dawo ba sai farkon 2015. Muka tarar ya haƙa rami a gindin katangar ɗakin girki, daidai inda daɓen siminti ya ƙare, ya shige. Ni dai na ɗauka gawarsa zan jawo. Uwargida ta hau wankin tsakar gida, ruwa ya gangara ya taru a wani ɗan loƙo kusa da ramin, sai ga shi ya fito a hankali, idanu duk sun faɗa. Ya sa kansa cikin ruwan nan mai ƙura har hanci ya nutse, ya yi ta sha. Na tsaya a kansa ina kallon maƙogwaronsa yana motsi, har na gaji da tsayuwa bai ɗago ba. Wannan ɓangaren labarin ne ban samu damar faɗi a majalisa ba.

Abu biyu suka cece shi, da ikon Allah. Mun gudu ne damina ta ɗauke ke nan, ƙasa da sauran danshi, ciyawa ta cika gefen katanga, kuma ya samu inda zai haƙa. A dajinsu ma haka suke yi, su haƙa rami mai tsawon mitoci, su shige can ƙasa inda iska ke da sanyi da laima, su wuce zafin rana da tsawon rani a ciki. Sannan Allah ya yi wa kunkuru mafitsara babba wadda yake tara ruwa a ciki kamar salka, idan ƙishi ya matsa sai jikinsa ya sake tsotsa daga nan. Shi ya sa idan yaro ya ɗaga kunkuru sama ya tsorata ya saki fitsari, mu dariya muke yi, alhali guzurinsa ne ya zubar. In da rani ne kuma ba shi da inda zai mayar, to an cuce shi.

Wato dai kunkuru yana jure ƙishi, wannan gaskiya ne, amma jurewar tana ci masa jiki. Duk mai kunkuru a gida ya je ya dubi abin da yake fitarwa. Tare da fitsarin akwai wani farin abu. Idan yana samun ruwa yadda ya kamata za ka gan shi da laushi kamar kindirmo. Idan jikinsa ya bushe sai ka gan shi tsaki-tsaki kamar an daka alli. Wannan abin in ya daɗe yana taruwa shi ke dunƙulewa ya zama dutse a mafitsara, kuma likitocin dabbobi a ƙasashen da ake yawan kiwon irin wannan kunkuru sun san shi da wannan ciwo ƙwarai, wani lokaci sai an yanka ƙoƙon cikinsa ake cire dutsen. Mu nan wa zai yi masa wannan aiki? Sai dai a ga ya daina cin abinci, ya yi makonni a kwance a lungu, ya mutu, a ce kwanansa ne ya ƙare, ko a ce ya tare wani mugun abu ne da aka jefo wa gidan. Ƙananan kuwa a bayansu abin yake nunawa. A 2003 wasu masana biyu a birnin Biyenna na ƙasar Ostiriya, Wiesner da Iben, sun yi gwaji da 'ya'yan irin wannan kunkuru, suka ga waɗanda aka raina a busasshen wuri su ne bayansu ke fitowa tudu-tudu, na wuri mai laima kuwa bayansu ya fi tashi sumul. Sau nawa muka ga mai tudu-tudun nan muka ce kyau ne?

A nan ne nake ganin laifinmu, mu mazauna gari. Gidajen iyayenmu na da, tsakar gida ƙasa ce, ga gindin randa kullum a jiƙe, ga wurin alwala, ga makwarara. Ba wanda ya taɓa cewa bari in ba kunkuru ruwa, shi yake zagayawa ya nemi abinsa, mu kuma muka ɗauka ba ya sha. Yanzu fili ya yi tsada, gidaje sun matse, mun daɓe ko'ina da siminti, randa ta koma jarka mai murfi, ruwan wanka ya bi bututu ya fita waje. Dabbar da Allah ya halitta ta haƙa rami ta ɓuya, mun ajiye ta a kan siminti a watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a garin nan. In ka ga kunkuru yana dalalar da yawu yana shafawa a ƙafafunsa na gaba, ba wasa yake yi ba, zafi ne ya kai masa iya wuya.

Saboda haka maƙwabcina bai yi kuskure ba da ya ce a ba shi ruwa. Kuskurensa shi ne ya ɗauki kunkuru kamar kififiya. Kififiyar da yara ke kamowa a kududdufai da bakin kogin Yedzaram, dubi ƙafarta, a baje take da fata tsakanin yatsu kamar ta agwagwa. Kunkurun tudu kuwa ƙafarsa dungu ce kamar ta giwa, ga ƙoƙo mai nauyi. Bahaushe ya ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, to iyo ma haka abin yake. Rabin duro gefensa a miƙe yake, ga santsi, babu inda farce zai kama. Ya leƙa zai sha, nauyi ya rinjaye shi, shi ke nan. Ko a ruwan da bai kai gwiwar yaro ba, in ya kife a bayansa ya kasa juyowa, zai mutu. Har ƙananan nan da manoma ke tsintowa da damina, masu bayan ƙoƙo da ke rufewa kamar ƙyaure in an taɓa su, waɗanda suka fi manyan son inuwa da laima, su ma ruwa mara zurfi ne nasu.

Ga abin da na yi a gidana tun 2015, kuma har yau yana aiki. Na zaɓi wurin da rana ke samu da safe, inuwar katanga ta rufe shi daga azahar. Na haƙe ƙasa kaɗan, siffar kaskon tuya, faɗinsa kamar mita 1, yadda Dattijo zai shiga gaba ɗaya ya juya ba tare da ya gogi gefe ba. Zurfi shi ne babbar magana, kuma ma'auninsa a jikin kunkurun yake. Ka ajiye shi a ƙasa ka dubi gefensa, inda ƙoƙon sama ya haɗu da na ƙasa. Ruwa kada ya wuce nan, ta yadda in ya tsaya a tsakiya kansa yana waje ba sai ya miƙa wuya ba. Namu tsakiyarsa bai wuce santimita 10 ba, kuma ba na cika shi, domin in ya shiga jikinsa yana ɗaga ruwan. Ɗan ƙarami mai girman tafin hannu santimita 1 ko 2 ya ishe shi, shi ba ya ma buƙatar gini, faranti ko murfin tukunya aka nutsa a ƙasa ya yi daidai da doron ƙasa, an gama. Mai matsakaici a ba shi babban tire ko tsohon kasko, a zuba 'yan duwatsu a ciki don ƙafa ta samu makama. A dai guji duk abin da ya taɓa ɗaukar baƙin mai ko maganin feshi.

Gefen kaskon ta ko'ina gangare ne mai sauƙi, ba mataki, ba kusurwa. Na daddaɓe tsakuwa a ƙasa, muka kwaɓa siminti kwano 1 da yashi kwano 3, kauri kamar yatsa uku. Rabin buhu bai ma ƙare ba. Inda muka yi gardama da birkilan shi ne wajen gamawa. Shi yana so ya goge shi sumul ya nuna gwaninta, har yana ba ni shawarar a sa tayil. Na ce, "Maigida, ba masallaci muke ginawa ba." Na ɗauko tsintsiya na ja a kan simintin tun yana ɗanye, ya yi kaushi, ya yi zane-zane. Ransa bai so ba, amma wannan kaushin shi ne tsanin da kunkuru ke takawa ya fito. Daga nan muka rufe da buhu muna yayyafa ruwa har mako guda, sannan na yi 'yan kwanaki ina cikawa ina zubarwa kafin in bar shi ya shiga, domin sabon siminti yana sakin wani kaifi cikin ruwa mai cin fata da ido. Duk wanda ya taɓa kwaɓa siminti da hannu ya san abin da nake nufi.

Ginin ba shi ne wahala ba, kula ce wahala, kuma gara in faɗa tun yanzu kada wani ya gina ya zo yana zagina. Kunkuru yana da wata ɗabi'a, da ya ji shi a cikin ruwa sai ya yi kashi. Saboda haka ruwan jiya ba ya zama na yau. Amfanin siffar kasko ke nan, ba sai an sa bututu ba, da tsintsiya ake share ruwan ya fita, a goge, a zuba sabo. Tsintsiyar ta zama tasa shi kaɗai, kada ta koma ɗakin girki. Kunkuru yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa ba tare da ta dame shi ba, amma ta sa mutum zawo da zazzaɓi, musamman yara ƙanana. Saboda ita ce Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da kififiya waɗanda ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba tun 1975, don yara suna wasa da su suna kai hannu baki. Duk wanda ya taɓa shi ko ruwansa ya wanke hannu da sabulu, wannan doka ce a gidana.

Sai sauro. Wannan ita ce hujjar da uwargida ta kawo tun ran farko, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sauron zazzaɓin cizon sauro ba abin da yake so kamar ɗan ruwa mara zurfi, a kwance, rana tana dukansa. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Wanda zai share kullum ko bayan kwana biyu ba shi da matsala, ba za su kai ko'ina ba. Wanda ya san ba zai iya ba, ko zai yi tafiya ba mai kula, to ya kafe kaskon ya bar shi a bushe. Gara ya riƙa sa kunkurun a tire na rabin awa sau biyu ko uku a mako yana tsaye a kansa, ya zubar, da ya kiwata wa unguwa sauro da sunan tausayi. Haka kuma gidan da akwai mai rarrafe, a kewaye wurin da bulo jeri uku. Yaro ƙarami in ya faɗi da fuska, ruwa mai zurfin tafin hannu ya isa ya yi ɓarna, Allah ya kiyaye.

Da hunturu a zuba ruwan da hantsi bayan rana ta ɗaga, a share kafin la'asar, kada ya kwana da jiƙaƙƙen jiki cikin sanyin nan da ke saukowa daga duwatsu, mura tana kama su har ka ga kumfa a hanci. Da damina kuwa sama tana yi maka aikin, naka shi ne sharewa.

Na san abin da ke ran wasu. Mu da muke tare 'yan ga-ruwa muna ciniki a kan jarka, yanzu kuma a ce mu sayi ruwa mu zuba wa kunkuru ya yi kashi a ciki? Ban raina wannan magana ba, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kaskon Dattijo jarka ɗaya mai lita 25 yake ci, kuma da bazara kullum ne. Amma ni ban cika saya don shi ba. Na ajiye baho a wurin alwala, ba a sa sabulu a ciki, mutanen gida su yi alwala sau biyar a rana, ka ga kafin gobe da hantsi ya tara abin da ya tara. Wanda aka share kuma gindin lemo yake tafiya, ba a kan ganyen da za a ci ɗanye ba. Lemon nan bai taɓa yin 'ya'ya kamar na shekarun nan ba.

Ko da ma a ce sai an saya, ai ba shi ya kawo kansa ba. Mu muka ɗauko shi daga inda yake haƙa raminsa, muka sa masa katanga. Wasu don yara, wasu don sha'awa, wasu don an ce musu tsarin gida ne. Wannan ta ƙarshen ban yarda da ita ba, amma ko wanda ya yarda, ina hikimar barin mai gadinka da ƙishi? Dukanmu mun ji a wurin malamai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Ban ga inda aka ce hukuncin na kyanwa ne kaɗai ba. Kunkuru dai ba ya kuka, ba ya bin ka yana shafa ƙafa, shi ya sa muke mantawa da shi. Har akwai masu huda gefen ƙoƙonsa su ɗaura igiya, suna zaton kamar ƙaho ne ko farce, alhali ƙashi ne mai jini da jijiya.

Kuma ɗawainiyar ba ta kwana biyu ba ce. Irin wannan kunkuru yana haura shekara 50 cikin sauƙi in ya samu kula. Wanda ya yi suna a fadar Soun na Ogbomosho, mai suna Alagba, da ya mutu a watan Oktoba na 2019, cewa aka yi shekararsa 344. Masana ba su yarda da wannan lissafi ba, ni ma haka, amma dai ya ga zamani. Dattijo ya ga mahaifina, yana ganina, kuma bisa ga dukkan alamu sai ya shiga cikin abin da 'ya'yana za su gada. Shi ya sa ra'ayina shi ne, wanda yake da shi ya riƙe amana, wanda ba shi da shi kada ya saya. A dajin ma sun kusa ƙarewa. Hukumar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa su cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ɓacewa, kuma tun 2000 yarjejeniyar CITES ta rufe cinikin waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje. A Senegal, a ƙauyen Noflaye kusa da Dakar, har wuri aka keɓe ana kula da su, an kuma mayar da wasu dajin Ferlo. Duk wanda muka saya a bakin kasuwa, mun aika a kamo wani ke nan.

Washegarin majalisar na bi maƙwabcin nawa gida na sake yi masa jaje, na gaya masa duk wannan. Ya ce yana son ya nemi wani, na roƙe shi ya haƙura. Akwai wata tsohuwa a bayan layinmu da ke da ɗaya, a ɗaure da igiya a gindin turmi, ita kanta ba ta da ƙarfin ɗebo ruwa. Mun yi da shi ranar Asabar za mu je mu nemi izininta mu kwance igiyar, shi zai kawo rabin buhun siminti, ni in zo da tsintsiya. Shi kuwa Baba da ya kafa ni shaida, ba zan mayar masa da magana a majalisa ba. Na aika yaro ya gayyato mini shi shan shayi gobe da hantsi, daidai lokacin da ake zuba wa Dattijo ruwa, kuma na sa a shimfiɗa tabarmar kusa da kaskon.